Ƙoƙon da Na Wanke da Jabel

Kusan kwana arba'in Inna ta yi ba ta karɓi ko ruwan sha daga hannuna ba, ni ɗiyarta ta fari, kuma har yau ina ganin hukuncin ya yi mini yawa. Na faɗa mata haka tana da rai, ina sake faɗa yanzu da ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙanta. Ni dai ranta na tsare. Amma ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan manta da daminar da amai da gudawa suka shigo garinmu ba, da ƙoƙon fura guda ɗaya da ya tona mini asiri.

Garinmu ƙarami ne, a gindin dutse tsakanin Buza da Keita, gero a tudu, dawa a fadama, albasa da rani. Na haura shekara arba'in kafin in riƙe alli. An buɗe karatun manya a wata rumfa bayan la'asar, na shiga, maza na zaune bakin masallaci suna tambayata ko minista nake son zama. Ban kula su ba. Cikin shekara biyu na iya rubuta sunana, na iya karanta takardar magani, na samu kaye da bik nawa na kaina, wato littafin rubutu da biro. Shi ya sa majo, babban ma'aikacin gidan likitarmu, ya zaɓe ni rele, mai bin gida-gida tana faɗa wa mata abin da likita ya ce. Ba zan ɓoye ba, na ɗauki abin da zafi. Duk wanda ya musa mini magana a lokacin, gani nake jahilci ne kawai ke damunsa, na manta shekaranjiya ni ma da yatsa nake sa hannu.

Inna tana da ƙawa ɗaya tun suna ƴan mata. Gidanta yana can ƙasa wajen rijiya, don haka muka tashi muna ce mata Innar Gangare. Su biyu ne masu wankan gawar mata a garin, in mace ta rasu su ake aika wa tun kafin a aika wa liman. Akwai wani ƙoƙo tsakaninsu, tsoho, ya yi baƙi ƙirin saboda hannu da shekaru, gyartai ya ɗinke shi wuri biyu. Kullum da hantsi Inna za ta dama fura ta cika shi, a kai gangare, Innar Gangare ta juye, ta zubo tata a dawo da shi. Ban taɓa ganin rana ta faɗi ƙoƙon bai je ya dawo ba. Furar Inna mai kauri ce, ba yaji sosai. Ta Innar Gangare kuwa masoro da kimba ne suka cika ta, da nonon da wata Bafulatana ke kawo mata daga ruga. Kuma ƙoƙon ba ya tafiya shi kaɗai, da tsiya yake tafiya. Inna za ta ce a gaya wa tsohuwar banzar nan haƙoranta sun ƙare, ta daina ɓarnar gero. Ita kuma ta aiko cewa mai gurguwar ƙafa ba ta da bakin yi wa kowa gori. Da gwiwoyin Inna suka daina kai ta ko ƙofar gida, idon ƙawarta kuma ya fara dushewa, sai ɗaukar ƙoƙon ya dawo hannuna, tunda hanyar rijiyata ce. Shekaru na yi ina ɗaukar fura da zagi tsakanin tsofaffin nan biyu, kuma wallahi ban san ina cikin jin daɗi ba sai da abin ya wuce.

Cutar ta zo gero na fara bununi. Mun fara jin labarinta a rediyo, sai aka ce ta shiga wani gari wajen Bangi, sai ga ta a unguwar yamma, ta ɗauke wata mai jego kwana ɗaya tak. Majo ya sa maigari ya tara mutane a ƙofar gidansa, har Inna aka ɗauko a amalanke don ta ce ba za ta ji a bakin wani ba. Majo ya yi bayani dalla-dalla: a tafasa ruwa, a wanke hannu da sabulu, a wanke kwanuka da ruwan jabel, wannan mai warin nan da ke kashe ƙwayar cuta. Ba taron biki, ba zaman makoki, ba shan ruwa da moɗa ɗaya. Wanda cutar ta kashe kuwa, ba mai taɓa gawarsa sai waɗanda aka koya wa aikin, da safar hannu.

A nan na fara ganin abin da ban gane ba sai daga baya. Magana ɗaya aka yi mana, amma kowa abin da ya ji daban. Samari suka tashi da tambayar kasuwa: za a rufe hanyar Madawa, masu moto su ci me, masu shirin tafiya bida, wato ci-rani, su fasa? Wata budurwa da aka sa ranar aurenta ta rufe fuska tana kuka, ƙawayenta na rarrashi. Mu masu goyo da masu ƴaƴa tambayarmu ɗaya ce, in yaro ya fara zawo me za mu ba shi kafin mu iso likita. Tambayar tsofaffi ce ta zo ƙarshe, an kusa watsewa. Sai Inna ta ɗaga murya daga kan amalanke.

"Yaro, na ji ka. To in mace ta mutu, wa za ya wanke ta?"

Majo ya ce za a zo da mata daga babban gari, masu horo. Inna ta ce, "Sun san mu?" Wasu samari suka yi dariya. Ni kuwa kunya ta kama ni, uwar rele ce ke tambayar wanka ana maganar tsira da rai. Na matsa kusa na ce mata ta yi shiru don Allah, a bar masu rai su yi tambaya. Ta dube ni, ta dubi ƙawarta da ke zaune a tabarma gefen amalanken.

Mako bai cika ba aka yi rasuwa a gidan wani tsoho maƙwabcin Innar Gangare. Na bi ta har ɗaki na ce kada ta je. Ta je. Na ce to ko ta je kada ta sha komai. Ta sha. Da na yi mata faɗa sai ta ce, "Ɗiyata, in an miƙo mini ruwa gidan mutuwa na ƙi, mi zan ce ma mai gidan? In ce ƙyamarshi nika?" Ta kuma rantse jabel ɗina ba zai taɓa ƙoranta ba, wai wari yake kamar ɗakin allura. Kwana biyu tsakani na iso da ƙoƙo na tarar ana ɗora ta a amalanke, idanunta sun faɗa, fatar hannunta ta tattare. Na ajiye ƙoƙon a kan danga na bi su.

An kafa tanti bayan gidan likita, nan aka kwantar da ita aka sa mata ƙarin ruwa. Majo ya yi iya ƙoƙarinsa, na gani da idona. Wajen azahar ta kama wuyan hannuna, da ƙarfin da ban zaci ya rage mata ba.

"Tahi ki ɗauko uwarki. Ko bisa amalanke. Ta san dalili."

Na ce to. Na fita, na tsaya bayan tanti, ban je ko'ina ba. Na san Inna. In ta zo ba za ta tsaya daga nesa ba, za ta rungume ta, ta share mata baki da gefen zanenta, ta wanke ta da hannu tsirara ko sojoji ne ke gadin wurin. Tsohuwar da ba ta da nama a jiki, cutar nan rabin yini za ta ba ta. Ina tsaye a nan aka fito aka ce ta cika.

Mata biyu suka zo cikin dogayen riguna na roba, hannu da baki a rufe. Ba su yi mata wulaƙanci ba, ina shaida, har bismillah na ji suna yi. Ni na riƙe zanen da aka kare su da shi. Da suka juya ta sai na ji ɗaya ta ce wa ɗayar, cikin tausayi, ta zo ta dubi bayan baiwar Allah nan. Ban leƙa ba, ban kuma sa abin a raina ba. Maza ƙalilan suka yi mata salla daga nesa, aka kai ta kafin la'asar, hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Gidanmu shi ne na ƙarshe a gindin dutse, an hana taro, ba kuka ba sallamar masu gaisuwa. Na tara ƙanena da matarsa na ce duk wanda ya faɗa wa Inna, ni da shi. A gidan marigayiyar akwai mutum biyu kwance da cutar, kuma na san da rarrafe Inna za ta je ta zauna a kan tabarmar ƙawarta. Na ce mu bari gidan ya yi sauƙi tukuna. Wannan shi ne dalilin da na ba su, kuma gaskiya ne. Akwai wani da ban faɗa ba: ba ni da idon da zan dube ta da shi in ce an aike ni ban zo ba.

Na ɗauko ƙoƙon daga kan dangar. Ya shafe rabin yini a gidan cuta, don haka na yi abin da nake koya wa mata kullum, na jiƙa shi a ruwan jabel na goge ciki da baya. Na shiga ɗakina na dama fura, na zuba masoro da kimba, na sa nonon ruga. Tun ina ƙarama nake shan furar matar nan, harshena ya san ta. Na kai wa Inna na ce ruwa ne ya tsare ni. Ta sha, ta ce, "Mi tsohuwar banza ta ce?" Ban shirya wannan ba. Na ce ta ce furarki ta yau kamar kunun majinyaci. Inna ta yi dariya har da tari, ta ce gobe a gaya mata ai majinyaciyar ce ke sha. Na zagaya bayan rumbu na toshe bakina da zane.

Haka na yi rana ta biyu. In karɓi furar Inna in fita, in zagaya in ba ƴaƴana, in wanke ƙoƙo da jabel don hannuna ya saba ba ya iya ajiye kwano bai yi haka ba, in dama wata, in ƙirƙiro zagi a hanya. Yaji na samu daidai, zagin ma na samu daidai. Har na fara jin na iya.

Rana ta uku na miƙa mata, ba ta kai baki ba. Ta juya ƙoƙon a hannunta, ta matsa inda haske ke shigowa. Sai a lokacin ni ma na gani. Baƙin nan na shekaru ya tafi, ƙoƙon ya yi fari fat kamar jiya aka fafe shi, zaren gyartai ya fito fili. Ta kai shi hanci, ta daɗe. Sannan ta ajiye shi a ƙasa a hankali.

"Yaushe anka kai ta?"

Na fara cewa "Wa?" ta ɗaga mini hannu. Ta ce ƙawarta ta rantse jabel ba zai taɓa ƙoranta ba, kuma tun suna ƴan mata ba ta taɓa ganin ta karya rantsuwa ba. In ƙoƙon nan ya sha jabel, to ba daga hannunta ya fito ba. Na durƙusa na faɗa mata komai, har aiken da ban isar ba, don ni ba na iya rabin gaskiya in na fara. Ba ta yi kuka ba. Ta yi salati, ta tambayi wanda ya wanke ta. Na ce mata biyu daga babban gari.

"Sun ga bayanta?"

Ta dubi fuskata, ta gane. A ranar na ji abin da ba wanda ya sani a garin. Suna ƴan mata tukunyar kunu ta kife wa ƙawarta a baya, ta ƙone daga wuya har ƙugu. Shi ya sa ba ta taɓa wanka a gulbi da sauran mata ba, ba ta taɓa ɗaura zane a ƙirji ko zafi na kisa ba. Inna ce ta yi jinyarta, Inna ce ke shafa mata man shanu duk lokacin sanyi in fatar ta tsage. Don wannan tabon suka koyi wankan gawa tun farko, suka yi alkawari duk wadda ta riga tafiya ɗayar za ta wanke ta, ita kaɗai, ƙofa a rufe.

Ni ma ba a bar ni a baya ba wajen baki. Na ce da na ɗauko ta da yanzu kabari biyu ne, kuma gara ta yi fushi da ni tana numfashi. Ta ce, "Ke mutuwa kika tsoro, don kina da sauran aiki. Mu mun gama namu. Abin da munka rage muna tsoro shi ne a tahi da mu awa kayan da ba mai shi." Na ce wannan magana ce ta wanda bai ga yadda cutar ke yi ba. Ta ce ta wanke gawa fiye da haruffan da ke cikin kayena. Daga nan ta juya fuska bango.

Tun daga ranar sai matar ƙanena ke ba ta abinci. In na kawo, ta bar shi har ya yi sanyi. In tana son faɗa mini wani abu, ko ina zaune gabanta, sai ta ce da matar ƙanena, "Ki ce ma malamar likita ta kauce mini daga haske." Dama ba ta taɓa kiran sunana ba, kunyar ɗiyar fari, amma da takan ce "ke" da wata murya da na sani. Wannan "ke" ɗin ma ta ɗauke. Na ji zafi ƙwarai, na kuma ƙi ba da haƙuri, don taurin kan a wurinta na gado shi.

Cutar ta yi ta ja da baya har ta tafi. Aka naɗe tanti, hanyar Madawa ta cika da moto, samari suka koma hira kamar ba a yi komai ba. Budurwar nan aka ɗaura aurenta bayan an yanke gero, muka yi guɗa har murya ta dushe. Mu iyaye muka ƙirga ƴaƴanmu muka gode Allah. Kowa ya samu abin da ya yi wa kuka a ƙofar maigari. Tsofaffi ne kaɗai ba a mayar musu da nasu ba, kuma ba wanda ya lura, har ni.

Ranar sadakar arba'in aka kai Inna gangare a amalanke. Ta shiga ɗakin ƙawarta ita kaɗai, ta daɗe, ta fito da tsohon ludayinta a hannu. Da muka dawo bayan la'asar ina shara a tsakar gida, sai na ji ta ce, "Ke." Na saki tsintsiya. Ta ce ta yi tunani, ta yarda da na ɗauko ta da ta mutu, ba ta musa ba. Amma da na zo na faɗa mata gaskiya, ko daga bakin tanti ne da ta tsaya ta gaya wa matan nan su rufe bayan da zane kafin su juya ta, su kau da ido. Magana ɗaya ce, ba sai ta taɓa kowa ba. "Kin hana ni mutuwa, na gode," in ji ta. "To yanzu ni wa za ya wanke ni?"

Ni da ke da amsar komai a kayena, na tsaya da tsintsiya a ƙafa kamar wadda aka kama da sata. Ita ce tambayar da ta yi a kan amalanke aka yi mata dariya, ni na ce ta yi shiru.

Abin da na koya ke nan, kuma na koye shi a makare kamar karatuna. In annoba ta zo, kowa yana kare abin da shekarunsa suka ce masa shi ne rai. Saurayi hanyarsa yake karewa, uwa ɗanta, tsoho kuma mutuncin tafiyarsa da alkawarin da ya ɗauka. Ni na ɗauka nawa tsoron ne kaɗai mai hankali, don an rubuta shi a takarda. Har gobe ina nan a kan bakana, da za a sake, ba zan bar Inna ta taɓa gawar nan ba. Amma da na je na ɗauko ta. Da na tambaye ta me take tsoro kafin in yanke mata abin da ya kamata ta tsorata. Inna ta ƙara shekaru bayan haka, kuma da lokacinta ya yi ba baƙuwa ce ta juya ta ba. Yau in mace ta rasu a garinmu, ni ake aika wa kafin liman, ina da safar hannuna da jabel ɗina, ina kuma da abin da kowace tsohuwa ta raɗa mini a kunne tun tana da rai.

Washegarin sadakar arba'in ɗin da hantsi na dama fura da hannuna, irin tawa, ban kwaikwayi ta kowa ba. Na zuba a farin ƙoƙon nan, na ɗauki kaye da bik, na shimfiɗa tabarma a bakin ɗakinta na ce, "Inna, koya mini wankan, daga farko." Ta dubi kayen, ta ce in rufe wannan abin, ba a rubuta sirrin mutane. Na rufe. Sai ta miƙo hannu ta karɓi ƙoƙon, ta kurɓa, ta ɓata fuska ta ce ruwa ya yi yawa, amma in matso kusa.